Shanuna Shida a Garken Dakta

Litinin, 7 ga Afrilu, bayan Azahar

Yau Fahad ya zauna a kujerar mahaifinsa. Ban damu ba, kujera ce, katako da soso, kowa ma yana iya zama. Abin da ya ƙona min rai yadda ya kira ni ne. Ya leƙo ta taga ya yafito ni da biro, ni da na sha cire masa ƙaya a ƙafa a tsakar asibitin nan yana ihu kamar ana yanka shi.

Ya ce, "Anti Bilki, mun zauna a gida mun yanke shawara. Za a sayar da garken Aujara gaba ɗaya, a fitar da Abba Masar."

Na ce, "Allah Ya ba Dakta lafiya. Amma ka cire shida, nawa ne."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Naki kamar yaya?"

Na gaya masa kamar yaya. Ya saurara yana juya biro. Da na gama sai ya tambaye ni ko ina da takarda. Na ce babu. Ya ce to shaidar wa ke kunnen shanun? Na ce ta Dakta. Ya buɗe hannuwa, wai an gama magana ke nan.

"Ki bari Abba ya warke, sai ku yi maganarku."

Na ce, "Kafin nan saniyata ta zama miya a Legas."

Shekara goma sha uku ina riƙe da asibitin dabbobin nan, yau ake tambayata takarda.

Talata, 8 ga Afrilu, da hantsi

Ba kowa sai wata mata da akuya mai zawo, an ba ta magani ta tafi. Bari in rubuta yadda abin yake, ko na gane ni ce na haukace ko su ne.

Da dubu ashirin Dakta Misbahu ya ɗauke ni, shekarar da mijina ya rasu. Lokacin asibitin ɗaki ɗaya ne da firiji mai kananzir. Shi ya san allura da wuƙa, ban taɓa ganin hannu irin nasa a kan dabba ba, amma bai san inda kuɗinsa ke shiga ba, Fillanci kuwa ko gaisuwa bai iya ba. Ni ce mai sayo magani daga Kano, ni ce mai biyan ma'aikata, ni ce na san wace ruga za a je ranar wace kasuwa. Ni makiyayi ke kira da asuba in saniyarsa ta kasa haihuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A shekara ta shida na cire kunya na ce masa albashin ba ya kai ni rabin wata. Ranar Asabar ya sa ni a mota muka tafi Aujara, inda Kawu Lado, ƙanen Dada mahaifiyata, yake yi masa kiwo. Ya nuna wata farar karsana mai baƙin hanci ya ce, "Lado, ka shaida. Wannan ce ƙarin albashin Bilki, ita da duk abin da ta haifa." Ya juyo ya ce min, "Kuɗi narkewa suke yi, wannan kuwa haihuwa za ta yi."

Na yi ta kuka a mota har Dutse. Shanun babanmu ciwon huhu ne ya ƙarar da su tun ina ƙarama, daga nan ba a sake ɗaure saniya da sunan gidanmu ba. Da na gaya wa Dada, tashi ta yi ta ɗaura alwala ta yi nafila.

Kawu ya raɗa mata Raneye. Ta haifi huɗu, babbar 'yarta ta haifi ɗaya. Tun ranar ban sake neman ƙari ba, sai abin da ya ga dama ya ɗora. Dubu sittin nake ɗauka yanzu, da ƙyar su sayi buhun shinkafa. In abin ya yi min zafi sai in tuna ina da shanu, wata rana zan sayar da biyu in buɗe shagon maganin dabbobi nawa na kaina.

Maganar kunne kuwa, tun a ranar Kawu ya tambaye ni ko a yanka mata shaidar gidanmu. Na ce a'a. Mutum ya ba ka abu da hannunsa, ka zaro wuƙa a gabansa kana yanka shaida, ai ka gaya masa ba ka yarda da shi ba ke nan. Maruƙan ma da suka zo, shaidar garke aka bi su da ita.

Laraba, 9 ga Afrilu, da yamma

Laraba ta uku ke nan tun da na sami Dakta a ƙasa a ɗakin firiji, rabin jikinsa ya shanye. Har yanzu wani nake aikawa ya ɗauko allura.

Alhamis, 10 ga Afrilu, bayan La'asar



Fahad ya zo da fara'a, wai ya samo mafita. Ya ce, "Na tambayi Abba a gaban Hajiyarmu. Na ce shanun na Anti Bilki ne? Ya ce to. Na ce naka ne? Ya ce to. Ko ruwa aka ce zai sha, to yake cewa. Ita kaɗai ta rage masa a baki."

Mafitar ita ce zai ƙara min dubu goma a wata, in bar maganar. Na ce ya sayar da sauran talatin da wani abu, ya bar min shidana, ai sun isa kuɗin Masar. Ya ce bijimin da nake cewa nawa ne shi ne mafi tsada a garken. Ya ce in ya buɗe wannan ƙofar, gobe Lado ma zai ce yana da goma.

Da a nan ya tsaya, da wataƙila na haɗiye. Sai ya jingina da kujera ya ce, "Kuma Anti, mu gaya wa juna gaskiya. Ke ba likita ba ce, ba ki da takardar komai. Manajan nan suna ne Abba ya ba ki don ki ji daɗi. A wani wurin mai jiran kanti ake cewa."

A gaban ma'aikata biyu ya faɗa, waɗanda ni na ɗauke su aiki.

Na so in ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Amma ina zaune ina tunani, anya? Uban nasa shekara bakwai yana rubuta wa jakuna da tumaki takardar magani, layi biyu ya gagare shi a kaina. Ya ji daɗin arha, ni kuma na ji daɗin yabo.

Na tsani yaron nan. Na rubuta, kuma ba zan goge ba. Wallahi sai ya san mai jiran kanti ya taɓa.

Asabar, 12 ga Afrilu, bayan Magariba

Na je Aujara. Zafi kamar a gasa gurasa a kan kwalta, shanu duk sun rame, ciyawa ta ƙare sai karan dawa. Raneye ta gane ni, ta taho tana shinshina jakata, ta san ina zuwa mata da kanwa. Jikarta ta fara fitar da ƙaho.

Kawu Lado ya shimfiɗa min buzu a gindin tsamiya. Na ce, "Kawu, kai ne shaidata. Ka zo Dutse ka faɗa wa Hajiya."

Ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa. Ya ce, "Bilki, shekara ashirin ina cin gishirin mutumin nan. Yana kwance ba baki, in tafi gidansa in ce a rage dukiyarsa? Ƙafata ba za ta kai ni ba."

"To ka yarda a cinye ni ke nan."

"Ban ce ba. Ƙarya dai ba zan yi ba. In an tambaye ni zan faɗa."

"Wa zai tambaye ka, Kawu? Wanda yake so kada a sani?"

Ya ce in yi haƙuri. Duk wanda ya ce min in yi haƙuri a makon nan, ba shi aka ce wa mai jiran kanti ba. Ya dai gaya min abu ɗaya mai amfani, Lahadi ta sama Fahad zai kai garken kasuwar Gujungu.

Lahadi, 13 ga Afrilu, da rana

Na kira Mashkura. Tare muka yi sakandare, yanzu ita ce manajar wani babban asibitin dabbobi a Kano, inda ake kai dawakin masu kuɗi da karnuka masu cin abin da ya fi nawa. Na tambaye ta nawa ake biyanta, ta faɗa. Ya ninka nawa sau huɗu, ban da kason da take samu a kan maganin kaji in ta kawo musu babbar gona.

Ta ce, "Ke ce kika zauna a wuri ɗaya. Aikin nan ba a samun ƙari a zaune, sai an tashi an koma wani wuri. Kuma manyan wurare yanzu digiri suke tambaya kafin su tambayi sunanki."

Na ce ni saniya aka ba ni.

Ta ce, "Saniya? A wace shekarar muke, Bilki?"

Ta yi dariya, ni ma na taya ta don kada ta ji muryata.

Talata, 15 ga Afrilu, bayan Asuba

Na kwana ina lissafa hanyoyi. Makullin sola yana hannuna. In na kashe firijin nan ranar Juma'a da yamma na kunna Litinin da safe, duk allurar rigakafin da ke ciki ta mutu, kuma ba mai ganewa da ido. Na ji daɗin tunanin, ba zan ɓoye ba. Amma matacciyar allura shanun talakawa za ta kashe a damina, Fahad ko atishawa ba zai yi ba. Na bar wannan.

Zan iya kwashe masa makiyaya, lambata suke da ita ba tasa ba. Wannan sai a hankali, ni kuwa Lahadi nake tsoro.

Talata, bayan Azahar

Ashe hanyar tana zaune a ƙofar asibiti ban gan ta ba.

Masu tallan nono suna hutawa a gindin darbejiyarmu kullum da rana. Shekara da shekaru ina ba su ruwan sanyi, ina ba su maganin tsutsa na awaki a farashin sari. Babbarsu Goggo Sa'adiya ce, ba rugar da ba ta da 'ya ko jika a ciki daga nan har Taura. Abin da aka faɗa a gindin darbejiyar nan da Azahar, kafin Isha ya riga rediyo isa.

Na ɗauki kujera na zauna a cikinsu, na sayi fura. Goggo ta ce, "'Yar nan, kin faɗa. Lafiya?"

Na ba ta labari da Fillanci, tiryan-tiryan. Ban ƙara ko ƙwayar gero ba. Na ce akwai haƙƙina a garken Dakta, gumina na shekara bakwai, ɗansa zai kai Gujungu ya sayar alhali mai dukiyar yana raye bai ce a sayar ba.

Ta ajiye ludayi ta ce, "Subhanallahi. Me zai yi da kuɗin?"

Na ce, "Shi ya sani."

Ta ce za ta gaya wa surukinta, ɗan'uwan Alhaji Mika'ilu ne, shugaban dillalan kara. Na san abin da nake yi. A kara ba a sayen saniya sai dillali ya tsaya mata, ya ce ya san mai ita, ya san ba ta da magana. In magana ta biyo baya, wuyansa za a kama. Ba dillalin da zai sa wuyansa don yaro mai biro.

Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da safe

Ya shigo yana waya da masu tirela, ya ce min, "Anti, a kawo min shayi." Na kai masa da hannuna, har da sukari cokali uku yadda yake so.

Lahadi, 20 ga Afrilu, bayan Magariba

Alhamdu lillahi. Ko ɗaya ba a saya ba.

Direban da ya kai su ne ya ba ni labari, ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. An sauke shanu tun da hantsi, masu saye daga kudu suna ta zagayawa, dillalai kuwa kowa ya kau da kai. Can Alhaji Mika'ilu ya taho, bai ko dubi Fahad ba, ya tsaya gaban Kawu ya ce, "Lado, tsakaninka da Allah, akwai na wani a cikin garken nan?"

Kawu ya ce, "Akwai."

Direban ya ce da Fahad ya yi shiru, da an ware shida an sayar da saura, an wuce wurin. Amma ina. Ya hau ihu a tsakiyar kara, ya ce tsohon ƙarya yake yi, haɗa baki suka yi da 'yar 'yar'uwarsa, duk na ubansa ne har igiyar. Alhaji Mika'ilu ya ce, "To ɗana, tunda duk na ubanka ne, kawo mana bakin ubanka. Kafin nan ba mai taɓa ko wutsiya."

Suka sake loda shanu a tirela, ya biya kuɗin zuwa da na komawa.

Na dafa taliya da manja na ci faranti biyu. Rabon da in ji daɗin abinci haka tun kafin azumi.

Litinin, 21 ga Afrilu, da hantsi

Bai zo ba. Kujerar tana nan ba kowa. Na goge ta da tsumma, na bi ta gefenta na wuce.

Laraba, 23 ga Afrilu, bayan La'asar

Fahad ya gwada wasu kasuwanni biyu ta waya, labari ya riga shi zuwa. Mahauta ne kawai suka taya, su ma rabin kuɗi, sun ga wanda ruwa ya kai wa wuya. Jiki magayi.

Kawu Lado ya kira ni. Na ɗauka da murna zan yi masa godiya, sai na ji muryarsa ba daɗi. Ya ce ya ajiye sanda, ya bar musu kiwon, ya koma gonarsa.

Ya ce, "Da furfurata aka kira ni maƙaryaci a gaban Fulanin ƙasar nan kaf. Ke kika aika a tambaye ni, ko ba ke ba?"

Na ce, "Kai ka ce in an tambaye ka za ka faɗa."

"Na ce. Ban ce ki tara min kasuwa ba."

Ya kashe waya. Zai huce. Ba ni na zage shi ba.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan Magariba

Dada ba ta yi min magana tun jiya sai yau da nake tankaɗe. Ta ce, "Kin je kin duba mutumin nan kuwa?"

Na ce ayyuka sun yi min yawa.

"Wata guda da kwanaki. Ke kika riƙe kansa a cinyarki har mota ta zo, amma gaisuwa ta gagare ki."

Na ce in na je me zan ce masa? In tambaye shi ya ce min to?

Ta ce, "Kin gaya wa Sa'adiya abin da za a yi da kuɗin shanun?"

Na ci gaba da tankaɗe. Ta tsaya a kaina har garin ya ƙare, sannan ta shige ɗaki.

Ba ni na kwantar da shi ba. Ba ni na hana a ware shida tun ranar farko ba. Da yaron ya ce, "Anti, ki ara mana naki, in Abba ya tashi a biya ki," wallahi da har Raneye zan bayar, in bi su da addu'a. Roƙona bai yi ba, ƙwacewa ya zo yi. Ba ni na kwantar da shi ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, da yamma

Sun iso.

Ina wanki na ji ƙarar mota a lungunmu, yara suna ta sowa. Na fito na ga a-kori-kura biyu, Fahad a tsaye yana nuna inda za a sauke. A ƙofar gidan haya, lungun da mashin biyu ba sa wuce juna, nan ya zube min shanu shida. Maƙwabta duk sun fito.

Ya rame, idanunsa sun yi ja. Ya ce, "Hajiya ce ta ce a kawo miki. Ta ce ko naki ne ko ba naki ba, a ba ki, a samu a sayar da saura. Ga su nan, ki ƙirga."

Na ƙirga a gabansa, da yatsa, ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Asibitin Masar sun ba wani gadon da suka ajiye mana. Sai wani makon kuma, in an samu." Ya miƙo hannu. "Makullai."

Na shiga na ɗauko na ba shi, na ƙofa da na sito da na sola. Na so in ga ya sunkuyar da kai, bai sunkuyar ba. Ni ma ban sunkuyar ba.

Na ci nasara. Na ɗaure su a kangon da ke bayan gidanmu, mai kangon ya ce wata ɗaya ya ba ni.

Lahadi, 27 ga Afrilu, bayan Isha

An sayar da sauran yau a Gujungu, cikin awa biyu aka ce. Ka ga da tun farko haka aka yi.

Talata, 29 ga Afrilu, da hantsi

Jiya ne karo na farko cikin shekara goma sha uku da hantsi ya same ni a gida ranar aiki. Na saba ina faɗa wa mutane yawan dusar da za su ba saniya, ban taɓa sanin zafin sayenta ba sai yanzu. Harawa ta yi tsada kamar magani. Mai ruwa kura uku yake kawowa, kafin Azahar sun shanye. Albashin watan nan ba a ba ni ba, ni kuma ba zan je nema ba.

Na aika wa Kawu ko zai karɓe su kiwo. Ya aiko cewa ba shi da wuri.

Makiyaya biyu sun kira ni da asuba, na ce su kira asibiti. Ɗaya ya ce ya kira ba a ɗauka ba. Na ji daɗi, sannan na tuna saniyarsa ce ke naƙuda, na kira wani ma'aikacinmu na roƙe shi ya je.

Dada ta fita kangon da sanda tana yi musu magana da Fillanci. Ni har yanzu ba ta yi min.

Alhamis, 1 ga Mayu, bayan Asuba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Dakta ya cika.

Alhamis, da yamma

Jibi ne jirginsu na Masar.

Asabar, 3 ga Mayu, bayan La'asar

Na je gaisuwa. Na shirya a zage ni, na ma tanadi amsa tun daga gida. Ba wanda ya zage ni. Matan da ke falo suka yi shiru da na shiga, wata ta janye ƙafarta ta ba ni hanya.

Na durƙusa na ce, "Hajiya, ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Dakta, Ya sa ya huta."

Ta ce, "Amin, Bilki. Haƙuri sai ma'aiki. Ya Dada? Shanun sun saba da wurin?"

Ta sa aka kawo min ruwa da dabino. Ta ce ya sha faɗa mata ba don ni ba da asibitin ya daɗe da rufewa. Da ta mare ni da ya fi min sauƙi.

Mai irin ciwon nan ko an kai shi Masar ba lalle ya tashi ba, kowa ya san haka. Kwana ya ƙare ne. Ba wanda ya ce min komai, ni nake faɗa wa kaina.

Fahad yana waje a kan tabarma cikin maza. Ya ga fitowata ya juya baya. Har yanzu ban yafe masa ba, kada wani ya zaci mutuwa ta wanke shi.

Laraba, 7 ga Mayu, da rana

Na samu shago a hanyar Kiyawa, ƙarami, amma yana kallon titi. Mai shi yana son kuɗin shekara kafin ƙarshen wata. In na sayar da bijimin zai biya haya, ya sayi firiji da kayan farko, ya bar na dusa. Makiyayan Dakta duk za su dawo wurina, in ga wanda Fahad zai yi wa manaja.

Na hangi Goggo Sa'adiya a bakin tasha na ɗaga mata hannu. Ina jin ba ta gan ni ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, bayan Magariba

Na kai bijimin Gujungu. Na ɗauki a-kori-kura da kuɗin da na ranta a wurin maƙwabciya, na zauna a wata rumfa a bakin kara, na aika a kira min Alhaji Mika'ilu. Masu saye suna ta wucewa suna kallonsa, don ba irinsa a layin. Wani ya taɓa tozonsa, wani ya raɗa masa magana a kunne, ya cire hannu ya yi gaba.

Sai bayan Azahar Alhaji ya zo. Ya gaishe ni da mutunci, ya yi min gaisuwar Dakta.

Na ce, "Alhaji, ga shi. Yanzu ba shi da magana, iyalan da kansu suka kawo min har gida."

Ya ce, "Na sani, Hajiya. Naki ne, ba mai musu. Ni na tsaya miki ranar nan, kin sani."

"To a sa masa kuɗi."

Ya gyara hularsa, ya dubi bijimin, bai dube ni ba. Ya ce, "Ranar da aka kawo mana labari, ba a gaya mana kuɗin magani za a yi ba. Da mun sani, da mun ware naki mun sayar da saura ko yaron yana zagin uban kowa. Yanzu duk karar nan, da ta Shuwarin, da ta Maigatari, an san shanun nan. Cewa ake yi su ne shidan da suka tsare majinyaci a gida. Makiyayi ba zai sa wannan jinin a garkensa ba, ni kuma ba zan karɓi la'adarsa in kai wa iyalina ba."

Na ce, "Wa ya kawo wannan maganar?"

"Waɗanda suka kawo ta farko."

Na ce ai mahauta ba ruwansu da jini. Ya ce in na ga dama in kira su da kaina, sun san halin da nake ciki, za su taya yadda suka taya wa yaron. Ya ce shawararsa in mayar da shi gida in bar su su huce, shekara ɗaya ko biyu, mutane suna mantuwa.

Na zauna a rumfar har kasuwa ta fara watsewa. Mahauci ɗaya ya zo ya taya, kuɗin da ya faɗa ko na maraƙi bai kai ba. Na ce masa ya bar nan kafin in yi masa rashin kunya.

Direban ya ce sai na ƙara masa kuɗin komawa, don da dabba ɗaya aka yi ciniki zuwa kawai. Na cire 'yan kunnena na ba shi ya riƙe.

Mun iso ana kiran Magariba. Dada tana bakin kango. Ta ga an sauke shi, ba ta tambaye ni komai ba, ta karɓi igiyar ta kai shi kusa da uwarsa ta ɗaure. Ta juyo ta ce min, "Dusar da ta rage ba za ta kai jibi ba."

Ita ce maganar farko da ta yi min tun ranar tankaɗe.